Ɗaga Hularka, Mustafa

Zuwa ga ƙanena Mustafa, a duk inda wannan ta same ka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na rubuto maka a nan inda kowa zai karanta ne domin lambarka ta daina shiga tun kafin a fara cire albasa, saƙonnina kuma suna nan ba ka buɗe ba. Wataƙila wani ɗan ƙasarmu da ke aiki kusa da kai ya gani ya nuna maka.

Ka san halina, ban iya zaman jira ba. Na je Yelwa wajen mutumin da ya yi maka hanyar aikin dawakin tsere a ƙasar Larabawa, an ce ya tashi daga gidan. Na kira abokinka na Shanga har ya daina ɗauka. Nakan fito daga gida ba tare da na san inda za ni ba, sai in tsinci kaina a bakin ruwa ina kallon jirage.

Ka tuna lokacin da Fulani ke ba ka shanunsu ka ƙetarar da su tsibiri da rani? Ka kama igiyar sa na gaba, ka faɗa ruwa, sauran su bi ka. Inna ta tsaya a gaɓa da hannu a goshi, ba ta motsawa sai ka taka ƙasa a can ka ɗaga hularka sama. Sannan ne take komawa kan tukunyarta tana faɗa: “Yaron ga shi zai kashe ni.”

Da ka tafi, ka ce mana dawakin can har kududdufin wanka gare su, kai ne kake sa su iyo don ƙafafunsu su yi ƙarfi. Mun sha dariya ranar. Ka ce dokin da aka ba ka hurde ne, fari mai ɗigon baƙi, kuma ranar tsere kai kake jan sa a zagaya da shi kafin mahayi ya hau.

Wannan maganar ce ta kai ni inda ban taɓa zaton ƙafata za ta taka ba. Akwai wani shago a bayan tashar jiragen ruwa nan Wara, mai labule a ƙofa. Samari ne ke cika shi suna caca a kan tseren dawakin ƙasashen waje, ana nuna musu a allo. Wani matuƙin jirgi ya ce mini duk Juma'a da yamma tseren ƙasar da kake ake nunawa, har da masu jan dawakin.

Na je, Mustafa. Ni, ladanin unguwa, na ɗaga labulen shagon caca na tsaya a bakin ƙofa. Aka zagayo da dawakai, sai ga hurde, sai ga ka a gefensa da hula shuɗiya, kafaɗar hagu a sunkuye, tafiyar marigayi Baba sak. Ban san lokacin da na kira sunanka da ƙarfi ba. Kafin in share ido an ɗauke hoton an koma kan wani Bature.

Daga nan na shiga uku da mutanen shagon. Sun yanke cewa ƙanena na turo mini sirrin tsere. In na gyara tsayuwa su kalle ni, in na yi tari su duba lambar dokin da ke allo. Duk ranar da hurde zai fita, rabin shagon a kansa suke zubawa. Shi kuwa dokin naka, kada ka ji haushi, bai taɓa wuce na tsakiya ba. Har wani mai sayar da kifi ya tare ni a kasuwa yana cewa in ji tsoron Allah in daina ɓoye musu dokin gaskiya. Wallahi ko sisi ban taɓa sawa ba, ban ma san yadda ake yankar tikitin ba. Amma wa zai yarda?

Ban damu ba, domin ina komawa gida da abin da zan ba Inna. Idonta ya ƙara yin hazo, ba ta zuwa ko'ina. Tana jin takuna sai ta miƙe zaune: “Ka gane shi? Ya rame ko ya yi ƙiba?” In ce mata kana nan garau, har wuyanka ya cika. Sai ta ci tuwonta.

Juma'o'in nan na baya, hurde ya fito amma wani ne ke jan sa, dogo, mai gemu. Na matsa har gaban allo ina leƙen bayan dokin, yara suna cewa Ladan ka kare mana. Na ce wa Inna wutar shagon ce ta lalace. Na sake faɗa mata haka a satin da ya biyo. Jiya ta ce da ni: “Bello, wutar ga taku ba ta gyaruwa?” Ta ture kwanon ba ta taɓa ba. Tsoro nake ji, ƙanena, kuma na gaji da ɓoye shi.

Liman ya kira ni zaure. Bai ci mini mutunci ba, ya saurare ni har ƙarshe, ya ce ya yarda da ni. Amma jama'a ba za su ci gaba da jin kiran salla daga bakin mutumin da suke gani yana fitowa daga bayan labulen nan ba. Sau biyu kuma la'asar ta same ni a can, wani ne ya yi kiran. Ya ce in zaɓa kafin Juma'a. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Kai ka san tun muryata ba ta buɗe ba nake wannan kiran.

Da safen nan na kai masa makullin ɗakin lasifika. Juma'a ina shagon.

Ba na tambayar abin da ya hana ka kira. Ko wayar aka karɓe, ko aikin aka canza maka, ko kunyar wani abu kake ji, duk mai sauƙi ne. In kana da rai da ƙafafu, ka roƙi mai gemun nan ya bar maka igiyar sau ɗaya. In ba a ba ka ba, ka tsaya jikin shinge inda ake zagayawa da dawakai, hoton yana bi ta wurin.

Allah Ya tsare ka a ƙasar da ba ka da kowa. Allah Ya sa lafiya ce ta ɓoye ka, Ya haɗa fuskokinmu Inna tana da sauran gani. Amin.

In hoton ya zo kanka, Mustafa, ka ɗaga hularka sama. Inna tana gaɓa har yanzu, ba ta koma kan tukunyarta ba.

Yayanka,
Bello, daga Wara.