Ƙaramin Fuli

Litinin, 3 ga Maris
Tun da kamfanin nan suka sallame ni suka sa yara masu kwamfuta a kujerata, ba wanda ya sake tambayata komai a kan inji. Har Auta, ɗan cikina, wayarsa yake tambaya. Yau ga shi ya zo, rabona da shi tun bara. Ba ni ya zo gani ba, motar ce. Tsohuwar motata da na haɗa injinta da hannuna. Wai zai canza fulin sufacaja, abin da ke ɗura wa inji iska, ya sa ƙarami.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi masa bayani a gareji. Fuli faifai ne da bel ke juyawa. In ya ƙanƙance, sufacaja ta fi gudu, iska ta ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Amma iskar da aka matsa zafi take yi, kuma fistin ɗin nan, masu hawa da sauka a cikin injin, sun tsufa kamar mai su. Ya ce, "Baba, haka wayar ma ta ce." To madalla, ni da waya mun zo ɗaya.

Asabar, 8 ga Maris
Biyu ya kawo, matsakaici da ƙarami. Matsakaicin muka sa. Ni ke riƙe fitila, shi ke ɗaure noti. Yana lanƙwasa harshe in yana ɗaurewa, yadda nake yi. Ban faɗa masa ba.

Laraba, 12 ga Maris
Mamarsa ta ce ta ji ina fito a banɗaki. Sharri ne.

Asabar, 15 ga Maris
Mota lafiya lau, allurar zafi ba ta motsa ba. Aiki ya ƙare ke nan. Auta ya wanke hannu, ya ce sai wani lokaci. Na san irin wani lokacin nasa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ƙaramin fa? Haka za mu bar shi a kwali?" Ya dube ni. "Baba, ba kai ka ce..." Na ce na san abin da na ce, miƙo sifana.

Asabar, 22 ga Maris
Mun fita bayan gari, inda titi ya miƙe. Sufacaja tana kuka kamar yadda ban taɓa ji ba, bayana ya manne da kujera. Allura ta fara hawa, na gan ta sarai. Auta ya ce, "In sassauta?" Na ce taka.
Dariya muke yi lokacin da injin ya buga.

Lahadi, 23 ga Maris
Ya zo da safe ba a kira shi ba, da kayan aiki. Ya ce haɗa wani injin zai ci watanni, duk Asabar sai ya zo. Na ce shi ya sani.
Mun buɗe. Fistin biyu sun narke, gangar injin ta tsage. Ba ya gyaruwa.