Hutun da Lissafina Ya Hana Ni

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Allah ya ba Inna sauƙi, ke kuma ya saka miki da alheri kan wahalar jinya. Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da gida.

Kin ce likita ya ce idon Inna yana ƙara dushewa, in ina son ta ga fuskata in zo watan gobe. Ba zan samu zuwa ba, kuma aikin hannuna ne ya hana ni.

A kamfanin jigilar nan ni ke raba aiki. Da direbobi da motoci ne kawai, da sauƙi: a ba kowa tasa, a zaɓi rabon da asararsa ta fi ƙanƙanta. Amma jeri huɗu ne a gabana: mutane, motoci, hanyoyi da makonnin hutu, kuma dole kowane jeri ya ƙare cif, ba saura ba giɓi. Ka taɓa mutum ɗaya, goma sun motsa. Wata uku ina gina lissafin a ofis marar taga, daga ni sai fanka mai ƙara. Na sa sunana kamar na kowa. Kwamfuta ta jefa hutuna ƙarshen shekara.

Ba zan ɓoye miki ba, na gwada. Lamba ɗaya na canza, watan gobe ya zama nawa. Sai na bi layi in ga wa ya faɗa wa. Dogo ne, dattijon direban da ke riƙe teburina in ba na nan. A makon da zan tafi ne za a yi wa matarsa aikin tiyata. Shi ne ya taɓa ce min, yana dariya, ni ne mai tabarau na farko a ofis da bai cuce shi ba. Na daɗe ina kallon lambar, na mayar da ita.

Manaja sai yabo yake, wai an rage shan mai. Lissafin bai yi ƙarya ba, Yaya. Jimla ya sani, bai san uwar kowa ba.

Ga hotona a ciki. Ki kai Inna bakin taga da safe, ki matso mata da shi sosai. Kada ki ce mata aiki ya fi ta. Ki gaishe ta, da Kawu, da maigidanki, da Auta mai bashin amsar wasiƙata.

Abin da na tara zuwa yau: kwana talatin da takwas na hutu. Ban taɓa ko ɗaya ba.

Ƙaninki.