Kafaɗar Ƙanenki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan kalau, sai dai ƙarar ƙanenki na kawo, don ke kaɗai yake jin maganarki.

Kin san aikinsa na kai lasifika wuraren taro, kin kuma san halinsa. A ko’ina mutum biyu suke ɗora lasifika a kan ƙarfen nan mai ƙafa uku, su ɗaga tare, ɗaya ya leƙa ya ga kan ƙarfen ya shiga ramin da ke gindinta. Shi kuwa shi kaɗai yake cilla ta sama, mutane suna ce masa Giwa. Sunan nan ya shiga kansa, Yaya. An daɗe kafaɗarsa ta dama tana ciwo. Kullum da safe ina kallonsa yana kokawa da riga, in na miƙa hannu sai ya ce wai rigar ce ta matse. Ina zaune likita ya hana shi ɗaga kaya sama da kansa, muna fita ya ce wai ai likitan nan yaro ne.

Tsoro nake ji hannun ya mutu gaba ɗaya, ga shi da shi muke ci. Ki yi masa faɗa, amma kada ki ce ni na gaya miki.

Taki,
Amaryar da ta tsufa

Yaya,

Da fatan kun wuni lafiya. Kiranki ya iso, ya yi ta cewa to, to, ya ajiye waya ya hau harara ta.

Abin da nake gudu ya faru a taron wata makaranta. Ya buɗe ƙafafun ƙarfen sosai, ya sa fil, ya danne da buhun yashi, duk yadda ya saba. Amma wajen ɗagawa zafi ya sa ya saki da wuri, kan ƙarfen ya tsaya a gefen ramin lasifikar, bai shiga ba. Ga ƙananan yara zaune a ƙasa dab da ita. Ana cikin taro ya ga tana karkacewa, ya ruga ya tare ta da kafaɗar nan mai ciwo. Kin san ko a lokacin bai kira kowa ba? Tsaye ya yi, gumi na zuba, har wani malami ya lura da fuskarsa.

Ba yaron da ko ƙwarzane ya samu, mun gode Allah. Shi kuwa hannu na rataye a wuya. Ba ya cin abinci, ba ya tsokanata, sai dai ya zauna a ɗakin kaya yana kallon lasifikun. Ya ce sayar da su zai yi, tunda ya kusa kashe ’ya’yan mutane. Wallahi tausayinsa nake ji, har na kasa cewa ai na faɗa.

Ki sa mu a addu’a.

Amarya

Yaya,

Ina gaisuwa, a shafa mini kan yara.

Ba a sayar da lasifikun ba. Akwai taron da ya riga ya karɓa a wani zaure, ya rasa wanda zai miƙa wa, ni kuma na ce zan raka shi don riƙe masa waya. Muka isa, ya kafa ƙarfen da hannun hagu, ya sauke shi ƙasa-ƙasa. Sai ya tsaya a gaban lasifikar, masu jera kujeru duk sun zuba ido. Na ce a raina yanzu zai sunkuya ya ɗauka shi kaɗai.

Juyowa ya yi, a gaban kowa, ya ce in kama masa ɗaya gefen. Yaya, tun da na shigo gidansa ban taɓa jin ya ce wa wani ya kama masa ba. Muka ɗaga, ashe abar nauyi gare ta kamar buhun siminti. Ya duƙa ya leƙa gindinta, ya girgiza ta, ya ce ta zauna. Ni hawaye ne suka zo mini, na ce masa ƙura ce.

In kin zo kada ki tayar masa da maganar. Ki dai taho da man zafi, don yanzu mu biyu ne masu ciwon kafaɗa.

Taki har kullum,
Amarya