Ka Ɗaga Kai Ka Ba Su Amsa

Zuwa ga ɗana da ke Sakkwato,

Ka aje abin da kake yi ka saurare ni yanzu, mota na jira a tasha, Malama Jummai da ke rubuta min kuma aji na jiranta. Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da kawunka Lawali da ya ba ka masauki. Allah shi ƙara maku lafiya da rufin asiri. Mu nan Wara lafiya lau, sai ƙafar nan tawa. Ƙanwarka Tamada ta sauka, an samu mace, uwa da ɗiya ƙalau.

Direba Gambo ya ce ran Litinin za ka sake zama gaban manyan ma'aikatar kifi su yi maka tambayoyi, abin nan da kuke ce ma intabiyu. Shi ne kuma ya tona min abin da ka ɓoye bara. Wai kana shiga ka durƙusa ƙasa, sai da sunka nuna maka kujera sau uku. Wai da sunka ce mi ka iya, ka sunkuyar da kai ka ce ba ka iya komi ba sai abin da za su koya maka. Sunka ɗauki wani da bai taɓa riƙa filafilin tuƙin jirgi ba. Da na ji, na san ni na jawo maka. Ni na riƙa make maka ƙeya in ka dubi babba cikin ido, ni na ce mai yabon kansa ba ɗana ba ne. To, ran Litinin na janye. Ka shiga da takalminka, ka hau kujera, ka dube su. Su ma uwa ta haife su.

Na sa Malama ta gaya min irin abin da suke tambaya. In sun ce ka ba da labarin kanka, ka ce ɗan masunci ne kai, an haife ka tsibirin da ruwan dam ya haɗiye, ka yi karatu Yelwa. Kada ka rage komi. In sun ce mi ka iya, ka ce kana shekara sha biyar hadari ya riske ku tsakiyar ruwa ran kasuwa, ka fid da mutum tara har da mai goyo. Ka ce ka san kowane kututture da ke ɓoye tsakanin nan da Yelwa, kana kwance inji ka mayar. Ban taɓa faɗin wannan gabanka ba, ɗan fari ne kai, ko sunanka bakina bai taɓa kamawa ba. Yau na faɗa gaban shaida. Wai har aibin mutum suna tambaya. Ka ce kunya ce, uwarka ta ɗora maka, ka kuwa baro ta bakin ƙofa.

Ga abin da ke tsorata ni. Na ji wai ka ce in sun sake ƙin ka, za ka dawo ka shiga jirgin ubanka. Baffanka Ɗanbaba ya ji, ya jawo jirgin, ya liƙe shi da kwalta, ya kife min shi ƙofar gida yana jiranka. Ruwan nan ya ci ubanka, ya ci ƙanenka Ɗahiru, ko gawa ba a ba ni ba. Ba ni ba shi mutum na uku. Na faɗa ma Ɗanbaba haka gaban mutane, ya ce tsufa ne. To, tsufan ne.

Ka gai da Lawali da matarsa Zainabu, da ɗiyarsu Aminatu da yaranta. Tamada na gaishe ka. Ni ce innarka Uwani, ina ta yi maka addu'a.

In sun ɗauke ka, kada labari ya biyo ta wajena, ni zan iya jira. Ɗanbaba za a fara gaya ma, ya zo ya ɗauke min jirgin nan daga ƙofa.