Santsin da na kankare

Zuwa ga yayana Mamman Sani,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Hadiza da yara. Yaya sanyin can, yaya aiki? Mu nan Karofane hatsi ya shiga rumbu, sai dai jikin Baba.

Yaya, robar fitsarin da ka aiko mishi, wadda majo, babban malamin asibiti, ya koya mini sawa, ni na ɓata ta. Da na buɗe leda na ji ta da santsi kamar miyar kuɓewa, sai na ce dattin hanya ne, ba ni sa ma Baba ƙazanta. Na samu toka da soso na dirje ta, kamar yadda Inna ke yi ma ƙwaryar nono. Har Inna ta sa mini albarka.

Kwana huɗu, fitsari ya gurɓace, masassara ta kada shi, munka tahi asibitin Bouza. Majo ya juya robar, ya dube ni ya ce: "Malam, santsin nan shi ne maganin. Shafe ne mai garin azurfa wanda ido bai gani, shi ke hana ƙwayoyin cuta liƙewa. Kai ka share musu wurin zama."

An sa mishi ƙarin ruwa, zafin jikin bai sauka ba. Inna ba ta san ni na jawo ba har yanzu. Yau da safe Baba ya kama hannuna, ya kira ni da sunanka, ya ce ya gode da robar.

A sa mu cikin addu'a. Ka gaida Kawu Idi. In da hali ka taho, kada ka jira Sallah.

Ƙanenka,
Hamisu