Gidan Azara na Bayan Kasuwa

Litinin, 6 ga Janairu 2025
Na ga gidan. Tsohon ginin ƙasa ne a bayan kasuwar Ƙonni, rufin azara, bango mai kauri kamar na rumbu. Nasiru dillali ya ce tun kafin babban yaƙin Turawa aka gina shi. Ni filin nake so. In na saya, rushe shi zan yi in sa bulo da kwano. Shekara goma sha tara ina aikin ungozoma ina zaman haya, ya isa haka.

Alhamis, 9 ga Janairu
Gidan na gado ne, magada shida sun dangwala hannu a takardar ciniki. Saura ɗaya.

Laraba, 15 ga Janairu
Na bakwai ya ƙi. Baba Rabo, ƙanin mahaifinsu, yana can Tajaye. Nasiru ya kai masa takarda a kan babur, tsohon ya maido ta ko buɗewa bai yi ba. Wai gidan ubansa ba akuya ba ne da za a aiko ɗan kasuwa. Raina ya ɓaci ƙwarai. In bai sa hannu ba, babu ciniki.

Da na huce na ga laifina ne. Ina aka taɓa neman gidan gado da aike?

Lahadi, 19 ga Janairu
Na je da ƙafata, da goro da yayana Yusha'u. Tsohon ya bar mu muka gaida shi har sau uku kafin ya dube ni. Ya tambaye ni ubana da kakana, ya ce ya san kakana a kasuwar Illela. Sannan ya ba ni labarin yadda uwarsa ke tashinsu yaɓen soro kowace bazara, kafin ruwan farko.

Ya ce, "Ɗiyata, mi za ki yi da gidan ga?"

Na ce zama zan yi, Baba. Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi duka ba. Ya miƙo babban yatsansa.

Litinin, 3 ga Fabrairu
Takardar gidan ta fito daga meri, ofishin magajin gari, da sunana. Sunana ni kaɗai. Na karanta ta ya fi sau goma, na yi ta dariya a tsakar gida kamar wadda ta zautu. Alhamdu lillahi.

Litinin, 12 ga Mayu
Zafi ya kai zafi, amma a ɗakin azara har barcin rana nake yi babu fanka. Magini ya zo da safe yana tambayar ranar da za a fara rushewa. Na ce ya dakata tukuna, siminti ya yi tsada, kuma damina ta kusa.

Na dai sa ya kawo ƙasa da ciyawa gobe a yaɓe soron. Na bana kawai.