Gyaran Muryar Malam Sundaram

Litinin, 3 ga Maris, 2003
Labari ya iso: Malam Sundaram ya rasu a Indiya. Shi ya koyar da mu lissafi a sakandare nan Daura, amma falsafa ce karatunsa. Da ya koma gida ya yi littattafai, ya zama ɗan majalisa. Saboda shi na yarda na tsaya takarar nan, don na ɗauka mai tunani zai iya shiga siyasa ya fito da mutuncinsa. Na yi kuka, ban bari matata Shatu ta gani ba.

Alhamis, 6 ga Maris
Bai taɓa dukan kowa ba. In ka faɗi abin da kai kanka ba ka yarda da shi ba, gyaran murya kawai zai yi, sai kunya ta kashe ka.

Lahadi, 9 ga Maris
Kasuwar Mai'adua. Na hau bayan mota na yi musu alkawarin kwalta har bakin iyaka. Ina rufe baki na ji gyaran murya dab da kunnena. Na waiga, lasifika ce kawai da buhun gero.

Asabar, 15 ga Maris
'Yan adawa sun baza cewa ni almajirin mai bautar gumaka ne, ban dace da zamanin Shari'a ba. Sharu, shugaban kamfen ɗina, ya ce, "Malam, ka fito ka ce ba ka san shi ba. Mamaci zai kai ka ƙara ne?" Na ce mutumin nan shi ke tashinmu daga aji in an kira Azahar. Ya ce wannan ba ya kawo ƙuri'a.

Laraba, 19 ga Maris
Yau gyaran muryar ya dawo da rana tsaka, a tsakar gida. Shatu na tsince shinkafa, ta ɗago ta ce, "Malam, baƙo ka shigo da shi?" Ashe ba ni kaɗai ke ji ba. Tsoro nake ji ƙwarai.

Juma'a, 21 ga Maris
Garin Babban Mutum, bayan an sauko daga masallaci. Na faɗi abin da Sharu yake so. Na ce wani baƙo ne da ya taɓa wucewa ta ajinmu, ko kamanninsa ban riƙe ba. Aka yi ta kabbara. Na tsaya ina saurare har Sharu ya ja mini riga. Shiru.

Talata, 25 ga Maris
Lafiya lau, cin abinci ya dawo. Shatu ta rage yi mini hira, ta ce gidan ya yi mata faɗi. Ɗazu na so in rubuta wa iyalan malamin nan ta'aziyya, na ɗauki biro, sunan ya ƙi zuwa. Yana shafukan baya, na sani. Ba zan buɗe ba, gobe akwai taro.